Ƙafafun Kaka da Koren Tulu

Na ga sharhinku, masu bibiyata. Wata ta rubuto wai, "Donají, ina maganar biki ta kwana?" Wata kuma ta ce in an fasa ne in faɗa mata da wuri, don ta riga ta kai ɗinki. Ku yi haƙuri ku gyara zama. Biki yana nan inda na bar muku shi, wato a ƙafafun Kakata.

Ga waɗanda yau suka shigo: ni ce Donají, ina gyaran farce a wani shago a cikin garin Oaxaca. Mu uku ne a gida, ni da Kakata Eufrosina da Gwaggo Leocadia, yayar babana. Mamata ta rasu ina ƙarama. Babana kuwa yana California yana tsinkar inabi, kuma duk abin da aka tambaye shi a waya amsarsa ɗaya ce: "Abin da Mama ta ce." Wanda zan aura sunansa Eleazar, direban tasi ne, ɗan Santa Rita, ƙauyen da kowane gida ake ginin tukwane. Ba shi da tsawo, ba shi da surutu, kuma ina son sa. Na faɗa tun yanzu don kada wata ta tambaye ni me na gani a jikinsa.

Bayan Ista suka zo neman aurena, da kwandunan burodi da cakulan da kyandirori da kwalbar giyar mezcal, kamar yadda ake yi. Na sa farar rigata mai surfani a wuya, na zauna ina kallon ƙasa kamar ban san abin da ya kawo su ba. Da aka gama jawabi sai mahaifiyarsa, Doña Crispina (mu Doña muke ce wa babbar mace, don girmamawa), ta yi wa Eleazar nuni da haɓa. Ya fita mota ya dawo rungume da wani tulu, kore shar, yana ƙyalli har kana ganin fuskarka. An zana masa furanni a wuya, ga sunan Kaka a jikinsa da manyan haruffa.

"Ni na gina shi da kaina," in ji Doña Crispina. "Ki yi haƙuri ban miƙa miki da hannuna ba. Kwanan nan hannuwan sun gaji."

Hannuwan suna kan cinyarta a ƙarƙashin gyale. Ba wanda ya kula, don kowa tulun yake kallo.

Kaka ta shafa shi ta ce, "Wannan ba na kan kabad ba ne."

Kun dai san halin mutanenmu. Kyautar surukai ba a adana ta, aiki ake sa ta, a kuma bari su gani. In suka zo suka tarar da ita saman kabad tana shan ƙura, ka gama zaginsu ba ka buɗe baki ba. Don haka washegari Kaka ta yi wa tulun abin da ake wa kowace sabuwar tukunya. Ta goge shi da tafarnuwa ciki da waje, ta zuba masa tafasasshen ruwan masara ya kwana, wai an kashe masa dafi ke nan. Sannan ta kwashe tsiminta daga tsohon bokitin roba ta mayar cikinsa.

Tsimin nan, tepache, ɓawon abarba ne da mazarƙwaila da kanumfari, a bar su su yi tsami. Kaka kaɗai ke shan sa. Ni kashe min haƙora yake, Gwaggo kuma tana da gyambon ciki wanda ba ya tashi sai a kan abin da ba ta so. Kaka kuwa kofi da safe, kofi bayan abincin rana, kofi in ta ji zafi, kofi in an ɓata mata rai. Ba ta bari ya ƙare, ruwa da ɓawo take ƙarawa a kai.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya ranar neman auren. A bikinmu dangin ango ke kawo talotalo da ransa, an rataya masa furanni a wuya, babbar gidan amarya ta saɓa shi a kafaɗa ta yi rawa da shi gaban jama'a. Kaka ta ce ita za ta yi rawar nan, babu wakilci. "In ban yi rawa da talotalo ba, ba a yi biki ba." Kowa ya yi dariya, don a lokacin matar nan da ƙafa take zuwa kasuwa ta dawo da kaya. Tun daga ranar Eleazar ya sayi ɗan talotalo yana kiwo, kuma kusan kullum sai ya turo min hotonsa. Wasu 'yan matan hoton fure ake tura musu.

Da damina ta kankama, silifas ɗin Kaka ya fara guduwa ya bar ta. Tana cikin tafiya sai na dama ya zame, ta tsaya ta zage shi ta mayar. Muka sayo sabo, shi ma ya gudu. Daga nan tafiyarta ta canza sauti, fat, fat, tana ɗaga gwiwa sama tana jefa ƙafar, don yatsun sun daina ɗaguwa daga ƙasa. Dokin ƙofa ya kayar da ita. Ta daina iya hawa bas. Cikinta ya riƙa murɗawa, bayan gida ya ɗauke, ga yawan faɗa, ko da yake wannan na ƙarshen ba wanda ya sa shi a lissafin ciwo.

Wata safiya na tarar da ita a kujerarta ta tsakar gida, kitsonta biyu da jan ƙyalle sun sauko kan ƙirji, ta ɗaura rigar girki, hannuwa a kan gwiwoyi.

"Kaka, ba za ki tashi ba?"

"Na tashi tun ɗazu," ta ce. "Ƙafafun nake jira."

Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito na ɗora shayi.

Likitan da ke zama a gefen shagon magani ya tambayi shekarunta, ya ce ai shi ke nan, shekaru ne, ya rubuta allurar ƙarin ƙarfi. Kaka ta ce masa ƙawarta ta girme ta, kuma har jiya ta gan ta tana bin kaza da gudu. Aka yi allurai. Ba abin da ya ƙaru sai ciwon mazaunai.

Sai Gwaggo ta ɗauko mai ƙwai, wata mata mai duba da ƙwan kaza. Dama Gwaggo ba ta taɓa son Eleazar ba. Tana da wani Rigoberto, ɗan ƙawarta, mai shagon tayal, wanda take ambata ko da maganar tumatir ake yi. Mai ƙwai ta zo da ganyaye da turare, ta mulmula ƙwai a ƙafafun Kaka daga cinya har diddige, ta fasa shi a kofin ruwa, ta ɗaga tana kallo ta hasken taga.

"Abin nan ba na cikin gida ba ne," ta ce. "Ta ƙofa ya shigo. Da murmushi aka kawo shi."

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. Ta juyo kaina. "Donají, su wa suka shigo gidan nan da murmushi bana?"

"Mai karanta mitar ruwa."

"Ki bar min shashanci. Yaushe ƙafafun Mama suka fara?"

"Da damina."

"Kafin damina me aka yi?"

"Rani, Gwaggo."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce gidanmu su Eleazar suka gani. Sammu suka yi, tsohuwa ta kwanta, ni in gaji gida, ɗansu ya shigo da tasi ya faka a tsakar gida. Ta kira Babana ta zayyana masa, ya ce, "Abin da Mama ta ce." Kaka kuwa tana duƙe tana fama da ciki, ta ce ita a ƙyale ta ta ji da abin da ya dame ta. Gwaggo ta ɗauki wannan a matsayin amincewa. Ta aika wa su Doña Crispina su zo ranar Lahadin ƙarshen wata, akwai magana. Maganar kuwa ita ce za a mayar da kaya. An cinye burodin tuntuni, an shanye cakulan, amma ta ce za ta sayo wasu ta cike kwandunan. A wurinmu in aka mayar da kwando, an mayar da mutum ke nan.

Da yamma Eleazar ya turo hoto. Talotalo ya baza wutsiya yana hararar waya.

*Ya ƙara ƙiba. Yau ya kori karen maƙwabta.*

*Sannunsa da ƙoƙari.*

*Yaya Doña Eufrosina?*

*Tana jiran ƙafafunta.*

*Gwaggonki ta ce mu zo Lahadi. Lafiya?*

Na rubuta *Lafiya lau*, na goge. Na rubuta masa ya zo gobe ya kai mu babban asibiti.

Ni a raina na gama shiri. Likita zai faɗi sunan ciwo, suna mai tsawo wanda ba ruwansa da Santa Rita, in kawo in dire wa Gwaggo a gabanta kafin Lahadi. Ban ga inda wannan shiri zai ɓaci ba.

Eleazar ya ɗauki Kaka cak ya sa a mota, tana ce masa ya yi a hankali, ita ba buhun masara ba ce. Gwaggo ta shiga baya da carbinta, ta ƙi jingina da kujera har muka isa.

Likita Zárate doguwa ce mai gajeren gashi, furfura ta fara ratsa shi. Ta ce, "Doña, taka min da diddige in gani."

"Da zan iya da ban zo ba."

Ta buga mata 'yar guduma a gwiwa. Ta tsikare ta da tsinke a tafin ƙafa tana tambaya ko tana ji, Kaka ta ce tana ji, a daina. Ta sa ta miƙe hannuwa ta ɗaga tafukan sama, na dama ya ɗan langaɓe. Sai tambayoyi: ta taɓa faɗuwa ta bugu a baya? Akwai ciwon suga? Wane magani take sha kullum? Fitsari fa? Ciki fa? Ta ja fatar idonta ta leƙa, sannan ta ce ta buɗe baki. Kaka ta buɗe. Likita ta daɗe tana haska 'yan haƙoran da suka rage da tocila.

Da ta samu ta rufe bakin, Kaka ta ce, "Ƙafa fa na kawo miki, 'yar nan."

"Na sani, Doña. Akwai wani baƙin layi a dasashinki da nake son in san daga ina yake."

Ta tura mu a ɗauki hoton baya a ɗebi jini, ta ce mu dawo Juma'a.

Ranar Juma'a Eleazar yana da fasinja zuwa filin jirgi, don haka mu uku muka koma, kuma har yau ina gode wa Allah da fasinjan nan. Likita ta ce baya lafiya, suga lafiya.

"Amma jininta ya yi ƙasa, kuma akwai dalma a cikinsa, mai yawa. Ita ce ke cin jijiyoyin da ke ɗaga ƙafa. Ita ce kuma ciwon cikin."

Na rantse muku daɗi na ji. Na juya na kalli Gwaggo da kyau, don ta san dalma daban, sammu daban.

"Yanzu sai mu gano ta inda take shiga," in ji likita. "Akwai mai gyaran batir a gidan?"

"Babu."

"Ana kankare tsohon fenti?"

"Ba a taɓa mana fenti ba ma," in ji Kaka.

"A me kuke dafa wake?"

"A tukunyar ƙarfe," na ce da sauri. "Ta ƙasar ta fashe tun bara waccan."

"Ku biyun lafiyarku ƙalau. To akwai wani abu da ita kaɗai take ci ko take sha?"

"Babu," in ji Kaka.

Ta faɗa da sauri fiye da kima, kuma bango take kallo. A nan na gane, kuma na gane ita ma ta gane. Da zan iya yin shiru da na yi, amma ƙafafun nan suna gabana a kan tayal, silifas ɗaya ya zame.

"Tepache," na ce. "Tana shan tepache."

"A me ake tsima shi?"

Gwaggo ta miƙe tsaye, carbi ya faɗi. "Tulun! Budurwa Maryamu, tulun!"

"Na goge shi da tafarnuwa," in ji Kaka. "Ciki da waje."

"Tafarnuwa warin ƙasa take kashewa, Doña. In kore ne mai ƙyalli irin na da, da garin greta aka shafe shi, greta kuwa dalma ce. Akwai masu shafe mara dalma yanzu, amma ba kowa ya canza ba. Da ruwa kika zuba a ciki da abin ya zo da sauƙi. Tsami narkar da shafen yake, kullum kaɗan-kaɗan."

"Kakanninmu a ciki suka ci suka sha," in ji Kaka.

"Haka ne. Wasunsu kuma aka ce shekaru ne."

Likita ta ce akwai maganin da zai wanke jinin, akwai kuma motsa ƙafa da za a koya mata da tawul. Za ta samu sauƙi, amma a hankali, abin watanni ne, kuma ba ta yi alkawarin komai zai dawo daidai ba.

"Rawa fa?" in ji Kaka.

"Da wa?"

"Da talotalo."

Likita ta kalle ni. Na buɗe waya na nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo.

"A rage masa abinci," ta ce. Muna fita ta ƙara da cewa, "Wanda ya gina tulun nan a ce ya zo a duba jininsa. Masu aikin sun fi masu sha haɗuwa da ita."

Muna isa gida na zubar da tsimin a magudana, na karkata tulun a rana na leƙa. Daga baki zuwa inda tsimi ke tsayawa kore ne mai sheƙi. Daga nan zuwa ƙasa ya koɗe, ya yi fari-fari, yana da kaushi in ka taɓa. Kaka ta shanye koren.

Gwaggo kuwa ranar har waƙa ta yi tana shara. Ta je ta sayo burodi da cakulan ta cike kwanduna.

"Mai ƙwai ta ce ta ƙofa ya shigo," ta ce min. "Likita ma ta ce ta ƙofa ya shigo. Ke kaɗai ce ba ki ji ba."

Abin haushin, ba ƙarya ta yi ba. Ni na ɗauki Kaka na kai ta asibiti don a wanke Santa Rita, na dawo wa Gwaggo da shaida.

*Me likita ta ce?* Eleazar ke nan.

Ku gaya min, ta ina ake fara gaya wa mutum cewa kyautar da uwarsa ta gina da hannunta ce ta zaunar da Kakata? Kuma koren nan shi ne cinsu, shi ne shansu, shi ya yi rufin ɗakinsu. Tsoro na ji, ba wani abu ba.

*Za ta warke, a hankali. Sai mun haɗu Lahadi.*

*Mun gode Allah. Duba nan.*

Wannan karon ba talotalo ba ne. Kwanoni ne jere a tsakar gidansu, layi bayan layi, duk kore, suna ƙyalli.

*Na miyar biki ne. Mama ta ce ko baƙo ɗaya ba zai ci a roba ba.*

Na kifa wayar a kan katifa.

Ranar Lahadi bayan coci suka zo. Doña Crispina ta sa siket mai ruwan goro da baƙin gyale mai ratsi, da 'yan kunnen zinariya da ba a fito da su sai da dalili. Eleazar ya sa farar riga da ta sha guga har tana iya tsayuwa da kanta. Gwaggo ta riga ta jera kwanduna a tebur ta rufe su da ƙyalle, tulun a tsakiya. Eleazar ya kalli kwandunan, ya kalle ni. Na ga lokacin da ya gane.

Gwaggo ta gyara murya ta faɗi abin da likita ta ce, da ɗan ƙari nata. Ta rufe da cewa, "Ba mu ce da gangan ba ne. Ba mu kuma ce ba da gangan ba ne."

Doña Crispina ba ta kalli Gwaggo ba. Tulun take kallo.

"Donají," in ji Kaka daga kujerarta, "ba a ba baƙuwa cakulan ba."

Na kawo kofi yana tururi. Doña Crispina ta ce, "Ajiye a tebur, 'yata."

"A'a," in ji Kaka. "Ta karɓa da hannu. A gidan nan ba a dangwarar wa suruka kofi."

Ba yadda za ta yi. Ta fito da hannuwan daga ƙarƙashin gyale. Tun da na san matar nan ban taɓa ganinsu a fili ba sai ranar. Daga wuyan hannu suka sunkuya ƙasa, yatsun na reto. Ta matse kofin tsakanin wuyan hannayen biyu ta ɗaga, kuma daga yadda ta yi ka san ta saba. Eleazar ya miƙa hannu zai tallafa mata, shi ma ka san ya saba.

Kaka ta ce in matso da kujerarta. Ta bari Doña Crispina ta ajiye kofin, sannan ta kama hannunta na dama ta ɗaga tafin sama ta saki. Ya faɗo.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Gajiya ce."

"Cikin fa? Yana murɗawa?"

Doña Crispina ta kalli ƙasa. "Wani lokaci."

"Leocadia, zo ki gani," in ji Kaka. "Wadda ta yi min sammu a kanta ta fara gwadawa." Ba ta saki hannun ba. "Buɗe kwandunan nan ki yanka burodin a ci. Ba a mayar da komai."

"Amma Mama..."

"In ba ki yarda ba ki kira ƙaninki ki tambaye shi."

Ni kuwa na saki wani dogon numfashi, na ɗauka an gama. Sai Kaka ta juya ga Doña Crispina.

"Biki yana nan. Amma ba za a ci a koren kwano a bikin jikata ba. Ke kuma za ki je likitar nan ta duba ki."

Doña Crispina ta zare hannunta a hankali ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba.

"Uwata a greta ta raine ni, kakata ma haka. Da ita na yi wa yaron nan makaranta. Rabin garin nan a kwanona suke cin abinci. Yau kuma an tara ni ana ce min guba nake ginawa." Ta gyara gyalenta da gwiwar hannu. "Gidan da kwanona ba zai shiga ba, ban ga abin da ɗana zai shiga yi ba."

Ta sunkuya ta rungumi tulun da damatsanta ta manna shi a ƙirji, ta fita. Eleazar ya tsaya a gabana.

"Kin sani tun Juma'a."

"Na sani."

"Kika bar ni ina turo miki hoton kwanoni."

Ya juya ya bi mahaifiyarsa. Muka ji tashin mota.

Gwaggo ta yanka burodin kamar yadda aka ce, ba wanda ya ci. Ba ta ambaci Rigoberto ba, a nan dai na yaba mata. Na ma kama ta tana ɗaga tafin hannunta tana saki, tana kallo. Na tsugunna gaban Kaka, hawaye na zuba, na ce, "Shi ke nan, Kaka? An gama?"

"Da tulun ta tafi?"

"Da shi ta tafi."

"Ba ta fasa shi a ƙofa ba?"

"A'a."

"To leƙa cikinsa za ta yi. Miƙo min tawul ɗin nan."

Ta maƙala tawul a tafin ƙafa tana ja, tana zagin yatsun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Kwanaki suka wuce babu hoto. Ban taɓa zaton zan yi kewar talotalo ba, amma kullum sai na buɗe tsofaffin hotunansa a bas. Na rubuta wa Eleazar haƙuri, ya karanta bai amsa ba. Sai yau da rana, ina cikin shafa wa wata mata jan farce, wayar ta motsa a aljihun rigar aikina. Na ce wa matar ta sa hannu a gaban fanka.

Hoto ne. Talotalo, ransa a ɓace, Eleazar ya riƙe igiyarsa nesa da kwanon masara.

*An rage masa abinci. Mama ta ce kada ya yi wa tsohuwa nauyi.*

Kafin in rubuta komai wani ya shigo.

*Ni fa ban huce ba.*

*Na sani.*

*Mama ta ce in tambaye ki, ba don kanta ba, wai don wata maƙwabciya ce. Likitar nan wace rana take ɗibar jini?*

Na rubuta, *Ka ce wa maƙwabciyar Juma'a ce, da sassafe. Ni zan je in riƙe mata layi.*

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

*Ki riƙe na mutum biyu. Tun ina yaro ni nake niƙa mata gretar.*

Matar ta ce, "'Yar nan, ai ya bushe." Na ce mata ina zuwa. Na koma kan hoton, na faɗaɗa shi da yatsu biyu, na wuce talotalon, na bi igiyar har zuwa wuyan hannun da ke riƙe da ita.